Kiwon tururuwa a cikin kwamfuta: me ya sa na daina dariya

A makon da ya gabata, bayan sallar La'asar, ɗan ƙanwata da ke shekarar ƙarshe a fannin ilimin kwamfuta ya zo gaishe ni a majalisarmu ta bakin titi a nan Daura, da jakar kwamfutarsa a rataye a kafaɗa. Wani dattijo da muke zama da shi, mutumin da nake ganin girmansa, ya tambaye shi a kan me yake aikin bincikensa na kammala digiri. Yaron ya rusuna ya ce, "Baba, ina kwaikwayon yadda tururuwa ke gano sababbin dabaru ne a cikin kwamfuta." Dattijon ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "To, Allah shi kyauta. Shekara huɗu ubanka na sayar da gero yana biyan kuɗin makaranta, ashe tururuwa kake kiwo." Majalisa ta kwashe da dariya, har da ni, domin maganar ta yi daɗi a baki.

Da na koma gida sai dariyar ta tsaya mini a wuya, saboda na lura cewa babu ko mutum ɗaya a cikinmu da ya nemi ganin abin kafin ya yanke hukunci. Na sa aka kira mini yaron bayan Isha'i, muka zauna a zaure, ya buɗe kwamfutar. Abin da na gani a daren, da abin da na bi diddiginsa daga baya, shi ya kai ni ga wannan matsayi: binciken nan ilimi ne na gaske, ya cancanci lokacin ɗalibanmu da kuɗin iyayensu, kuma mu da muke zaune cikin tururuwa da gara da kwarkwasa mun fi mutanen Turai hujjar yin sa. Akwai inda masu sukarsa suke da gaskiya, zan kuma faɗe shi idan na iso wurin.

Abin da na gani a zaure

Manhajar da yake aiki da ita sunanta NetLogo, kyauta ake samunta, kuma Uri Wilensky ne ya fitar da ita a Amurka a 1999. A tsakiyar allon akwai gidan tururuwa, a gefe akwai tulin abinci guda uku, sai wasu jajayen ɗigo da ke watsuwa ta ko'ina kamar an zubar da barkono. Kowane ɗigo doka uku kawai ya sani. Ya yi ta yawo ba alƙibla. Idan ya ci karo da abinci ya ɗauka ya nufi gida yana zubar da ƙanshi a bayansa. Idan kuma ya shaƙi ƙanshin da wani ya zubar, ya karkata zuwa inda ya fi ƙarfi. Shi kuma ƙanshin yana gushewa a hankali.

Cikin 'yan mintuna sai ga layi ya miƙe daga gida zuwa tulin da ya fi kusa, irin layin da muke gani a tsakar gida idan an yi shanyar hatsi. Yaron ya ce, "Kawu, dubi nan," ya gitta wata katanga a tsakiyar layin. Ɗigon suka rikice, suka taru a jikin katangar, wasu suka bazu hagu da dama, can sai ga sabon layi ya zagaye ta ta ɓangaren da ya fi gajarta. Babu inda ya rubuta musu cewa su zagaye katanga. Kalmar katanga ma ba ta cikin dokokinsu, illa dai ba sa iya ratsa ta.

Duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙasar Hausa ya taɓa yin rabin wannan gwaji. Ka ga kiyashi sun jeru a jikin bango sun nufi gwangwanin sukari, ka sa yatsa ka goge tsakiyar layin, ka tsaya kana kallon yadda na gaba da na baya suke dabur-dabur a bakin inda ka goge. Iyayenmu mata da suke barbaɗa toka a hanyar tururuwa su ma ƙanshin nan suke yankewa. Sinadarin da masana ke kira feromon ke nan, sunan da aka raɗa masa a 1959. Bambancinmu da su shi ne mu mun goge mun wuce, su kuma sun tsaya sun tambayi dalili.

A Jami'ar Burasel ta ƙasar Beljiyam, Jean-Louis Deneubourg da abokan aikinsa sun haɗa gidan wasu tururuwa 'yan asalin Ajantina da wurin abinci ta hanyar gada mai reshe biyu, ɗaya ya ninka ɗaya tsawo, suka wallafa sakamakon a 1989. Da farko tururuwar sun rabu a kan rassan biyu ba tare da zaɓi ba. To amma masu bin gajeren reshe suna riga dawowa, saboda haka ƙanshi ya fi saurin taruwa a kansa, na baya suka bi inda ya fi ƙarfi, har kusan dukkansu suka koma can. Babu tururuwa ɗaya da ta auna rassan ta kwatanta, kuma babu wadda ta ba da umarni. Wadda ake kira sarauniyarsu ma suna ne kawai, ƙwai take sakawa. Mu a Daura da muka gaji tarihin Daurama mun san sarauniya mai mulki, kuma ta tururuwa ba irinta ba ce.

"Muna fama da yunwa, kuna wasa da ƙwari"

Wannan ita ce sukar dattijon majalisarmu, kuma ba na raina ta, domin mutumin da ya sayar da buhun gero ya biya kuɗin makaranta yana da haƙƙin tambayar amfanin abin da ya biya.

Ga amsa daga ƙofar gida. A ce direba zai tashi daga Daura da akwatunan allurar rigakafi, ya zagaya Mai'adua da Zango da Baure da Sandamu ya dawo kafin ƙanƙarar cikin akwatunan ta narke. Idan aka ɗauki hanya da juyinta a matsayin ɗaya, hanyoyi 12 ne zai iya bi ya jera waɗannan garuruwa, zai iya lissafa su a bayan takardar mai. Idan garuruwan suka zama goma har da Daura, hanyoyin sun zama 181,440. Idan kuwa aka ce ya zagaya hedikwatun ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina, adadin hanyoyin lamba ce mai jerin alƙaluma 37, wadda babu kwamfutar da za ta iya gwada su ɗaya bayan ɗaya ta gama ko da za ta yi aiki har ƙarshen rayuwar jikokinmu.

Wani Ba'italiye mai suna Marco Dorigo ya ɗauki darasin gadar Burasel ya tunkari wannan matsala a kundin digirinsa na uku a Milan a 1992. Ya saki tururuwar ƙarya a kan taswirar garuruwa, kowace ta yi zagayenta, wadda zagayenta ya fi gajarta ta bar ƙanshi mafi yawa a kan hanyoyin da ta bi, aka maimaita sau da dama har hanya mai kyau ta fito fili. Daga nan aka kai dabarar ga tsara zirga-zirgar motocin kaya, da jadawalin aiki a masana'antu, kuma a 1998 shi da Gianni Di Caro suka gwada ta wajen zaɓar hanyar da saƙonni za su bi a layukan sadarwa. Gaskiya ne dabarar ba ta yin alkawarin samo hanyar da ta fi kowace gajarta, kuma a wasu matsalolin akwai dabarun lissafi da suka fi ta. Ƙarfinta yana bayyana ne a inda abubuwa ke canzawa ana cikin tafiya, kamar gada ta karye da damina ko a wayi gari wata hanya ba ta biyuwa saboda rashin tsaro, wanda kuwa shi ne halin da direbobinmu suke ciki kullum. Garin da aka kafa wa Jami'ar Sufuri ta Tarayya bai kamata ya zama inda ake yi wa irin wannan lissafi dariya ba.

Game da tsada kuwa, ban san wani reshe na kimiyya da ya fi wannan araha ba a cikin waɗanda na taɓa gani da idona. Ba ya buƙatar ɗakin gwaji ko sinadaran da ake sayowa da dala. Tsohuwar kwamfuta ce da cajin da zai kai sa'a biyu, sai haƙuri.

"Ƙirƙira ta Allah ce"

Wani abokina malamin Islamiyya da na ba shi labarin bai damu da batun kuɗi ba, kalmar ƙirƙira ce ta tsaya masa. Na ce masa, Malam, halitta ta Allah ce Shi kaɗai, babu mai jayayya a kan wannan. Amma a Hausa muna cewa maƙeri ya ƙirƙiro sabon samfurin garma, ba mu kuma nufin ya halicci ƙarfe. Abin da ake nufi a nan shi ne fitowar wata mafita sabuwa, mai amfani, wadda ba a zata ba. Alƙur'ani mai girma yana da sura sukutum mai sunan tururuwa, kuma a aya ta 18 ta Suratun Namli tururuwa ce ta gargaɗi 'yan'uwanta su shiga gidajensu kada Annabi Sulaiman, alaihis salam, da rundunarsa su tattake su ba da saninsu ba. Wanda ya zauna yana binciken yadda ƙwaron da bai kai ƙwayar dawa ba yake warware abin da ke ba injiniya wahala, ni a ganina tunani yake yi a kan halittar Ubangiji, kuma sanin sababin abu bai taɓa kore Mai sababin ba. Malam ya ce zai so ya ga allon da idonsa, na kuma ɗauki wannan a matsayin adalci.

"Kwamfuta abin da ka zuba mata take mayar maka"

Wannan ita ce suka mafi nauyi, kuma daga masu ilimin boko take fitowa. Suna cewa tunda mutum ne ya rubuta dokokin, duk abin da ya fito yana cikin dokokin tun farko, saboda haka babu wani sabon abu, yaron yana mamakin abin da shi da kansa ya ɓoye ne.

Akwai wani misali da nake so mai wannan ra'ayi ya gwada da takarda mai gida-gida da fensir. A 1986 Christopher Langton ya zana tururuwa guda ɗaya tak mai doka biyu. Idan ta taka farin gida ta juya dama, ta mayar da shi baƙi, ta matsa gaba. Idan ta taka baƙin gida ta juya hagu, ta mayar da shi fari, ta matsa gaba. Shi ke nan. A 'yan ɗaruruwan takun farko tana zana siffofi masu ɗan tsari. Daga nan sai ta shiga hargitsi, ta yi ta cakuɗa fari da baƙi ba kai ba gindi har wajen taku 10,000. Kwatsam sai ta fara gina wata miƙaƙƙiyar hanya, tana maimaita taku 104 iri ɗaya, ta nufi gefe guda ba ta ƙara dawowa. Babu wanda zai karanta dokokin nan biyu ya hango wannan hanya, kuma har yau masana lissafi ba su tabbatar da hujja cewa dole ta gina ta daga kowane irin mafari ba, duk da cewa a gwaje-gwajen da ake yi tana gina ta.

To, hanyar tana cikin dokokin? Tana ciki, kamar yadda kuka take cikin ƙwallonta. Amma wanda bai taɓa ganin kuka ba, ka miƙa masa ƙwallon ka ce ya zana maka bishiyar. Dokokin dara ma ba su da yawa, yaro yana haddace su a yini guda, amma gwanin dara yana yin kwanton da ba a taɓa yi ba, ba mu kuma cewa ba dabara ba ce don tana cikin dokoki. Amfanin kwaikwayo a kwamfuta ke nan: akwai abubuwan da ba a sanin ƙarshensu sai an bar su sun gudana.

Abin da ya fi kama hankalina shi ne inda sabuwar dabarar take fitowa. Yaron ya nuna mini maɓallai biyu da ya ce su ne zuciyar aikinsa. Na farko yana rage yawan kuskuren tururuwa, wato yawan kauce wa layi. Da ya rage shi ƙwarai, sai kowace ta bi ƙanshi sau da ƙafa, aikin ya yi kyau a ido, amma da tulin farko ya ƙare sai suka daɗe ba su gano na biyu ba, domin babu mai ɓacewa balle ta yi tuntuɓe da shi. Na biyu yana hana ƙanshi gushewa. Da ya danne shi, sai allon ya cika da tsofaffin hanyoyi, tururuwa suna ta safa da marwa zuwa inda abinci ya riga ya ƙare.

Wannan ba ƙagen kwamfuta ba ne. Tun 1983 Deneubourg da abokansa suka kawo hujjar cewa ɓatan da wasu tururuwa ke yi yana amfanar gidan, domin su ne ke gano sabon abinci. A gwajin gadar nan ma, da aka fara ba su dogon reshe kaɗai, sai bayan rabin sa'a aka buɗe gajeren, yawanci sun ci gaba da bin dogon saboda ƙanshinsa ya riga ya yi ƙarfi. Shi ya sa Dorigo ya sa ƙanshin tururuwarsa ya riƙa gushewa da gangan. Mafi muni shi ne abin da William Beebe ya bayyana a 1921 daga dajin Gayana a Kudancin Amurka, inda ya ga rundunar tururuwa dangin kwarkwasa sun rasa hanyarsu, kowace tana bin ta gabanta, suka zama da'ira mai kewayen kusan mita 370, suna zagayawa har da yawansu suka mutu. Kowace ɗaya daga cikinsu ta bi doka daidai.

Saboda haka idan aka tambaye ni mene ne ƙirƙira a gidan tururuwa, zan ce ita ce abin da ke faruwa idan aka sami daidaito tsakanin masu bin sawu, da 'yan kaɗan masu kaucewa, da mantuwar da ke share hanyar da ta daina amfani. A gona ba za ka iya hana tururuwa kuskure ka ga abin da zai biyo baya ba. A kwamfuta kana iya yin haka sau ɗari kafin a kira Asuba.

Zan yi gargaɗi guda a nan, domin na san halinmu na son jawo komai zuwa siyasa. Na riga na ji wani yana cewa ashe ke nan al'umma ba ta buƙatar shugaba. Tururuwa ba ta da ra'ayi, ba ta da haƙƙi, ba ta kai ƙara, kuma gidan ba ya asarar komai idan ɗari suka mutu a neman hanya. Mutane ba haka suke ba, kuma binciken bai ce haka suke ba.

Inda masu suka suke da gaskiya

Ɗigo a kan allo ba tururuwa ba ne. Ba ya jin ƙishirwa, ƙadangare ba ya lashe shi, rana ba ta ƙona shi. Ana iya daidaita maɓallai har allo ya nuna duk abin da ake so, a kuma ɗauka an gano wani abu game da halitta alhali an gano halin manhajar ne kawai. Ko a gine-gine an taɓa faɗawa irin wannan rami. Cibiyar Eastgate da aka buɗe a Harare a 1996 an tsara iskarta ne bisa yadda aka fahimci surin gara a lokacin, daga baya bincike ya nuna cewa suri yana aiki ne kusa da yadda huhu ke shaƙa da fitarwa, ba daidai da yadda aka zata ba. Ginin ya yi amfani, amma fahimtar da aka gina shi a kanta sai da aka gyara ta.

Maganin wannan shi ne komawa ga ƙwaron kansa. Deborah Gordon ta Jami'ar Stanford ta shafe shekaru tun daga 1985 tana bibiyar gidajen tururuwa masu tara iri a hamadar kudu maso yammacin Amurka. Ta gano cewa tururuwar da ke jira a bakin rami tana fita neman abinci ne gwargwadon yawan masu dawowa da kaya da take cin karo da su. Idan suna dawowa da sauri sai fita ta ƙaru, idan suka yi jinkiri sai ta ragu. A 2012 ita da masanin kwamfuta Balaji Prabhakar suka nuna cewa wannan ya yi kama da yadda intanet ke rage ko ƙara saurin tura bayanai don kauce wa cunkoso. Ta kuma nuna cewa gidajen da ke taƙaita fita a ranakun tsananin bushewa, don tattalin ruwan jikinsu, sun fi samun 'ya'yan gidaje. Duk wannan daga zama a rana da littafi ya fito, kwamfuta daga baya ta shigo.

A nan ne na ga raunin aikin ɗan ƙanwata, na kuma faɗa masa. Duk alƙaluman da ya zuba wa tururuwarsa aro ne daga binciken da aka yi a kan ƙwarin wasu nahiyoyi. Alhali tururuwarmu mai jan hatsi tana nan a bayan kowane rumbu, kuma tana tara abinci da yawan da dattawa ke ba da labarin cewa a shekarun yunwa har tona gidajenta aka riƙa yi ana kwasar tsaba. Ga kwarkwasa da ke fitowa da damina, ga cinnaka, ga kiyashi, kowanne da irin tafiyarsa. Ɗalibin Milan sai ya nemi izini da kuɗin jirgi kafin ya ga waɗannan, namu kuwa sai dai ya ɗaga ƙafa kada ya taka su. Idan malaman jami'o'inmu za su karɓi irin wannan aiki, ina ganin ya kamata su sa sharaɗin cewa ɗalibi ya haɗa shi da ƙirgen da ya yi da kansa a fili, kuma ɗalibin kwamfuta ya yi aiki tare da na ilimin halittu.

Ranar Asabar na ɗauke shi a babur muka tafi gonata da ke kan hanyar Sandamu, inda na san wani tsohon gidan tururuwa a gindin gawo. Mun isa da hantsi bai yi ba, muka tarar da layi biyu sun fita daga ramin, hanyar ta yi fes kamar an share da tsintsiya, kowace mai dawowa da ƙwayar ciyawa a baki. Ya tsuguna da agogon wayarsa yana ƙirga masu fita da masu shiga a kowane minti, yana rubutawa a bayan littafinsa. Ya ajiye dutse a kan layi ɗaya, suka zagaye shi kusan yadda na allonsa suka yi, ya ɗago ya dube ni yana murmushi.

Da rana ta take sai layin ya fara sirancewa, kafin Azahar babu ko ɗaya a waje, ramin ya yi tsit. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce, "Kawu, nawa ba su san zafi ba. Dare da rana aiki suke." Ya buɗe sabon shafi ya rubuta zafin ƙasa a sama, ya ja layi a ƙarƙashinsa, ya tambaye ni ko na san inda zai samu aron ma'aunin zafi kafin Asabar mai zuwa.